Idan na fitar da zakka, sauran taran nawa ne?

Ishaya: Salama 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai ina so mu tattauna a nan, don Allah kar wani ya ɗauka raini ne. Duk ranar da aka ce wa'azin yau a kan wakilci ne, tun kafin a buɗe Littafi na riga na san inda za a ƙare, zakka da baiko da gudummawar gini. To tambayata ita ce, idan na cire ɗaya cikin goma na kai, sauran taran da suka rage nawa ne in yi yadda na ga dama ko su ma akwai lissafi a kansu? Domin yadda muke jin koyarwar kamar da ka miƙa zakka shikenan kun rabu da Allah lafiya sai wani watan.

Hannatu: Ɗan'uwa ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ina nan ina sauraro.

Dattijo Bulus: Ɗana Ishaya, ba raini ba ne, tambaya ce mai kyau. Amsar kuma ba ta da tsawo, ko ɗaya babu naka. Zabura 24:1 ta ce duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Ka duba 1 Tarihi 29:14, lokacin da Dawuda da jama'a suka tara zinariya da azurfa jingim domin ginin Haikali, bai tashi yana bugun ƙirji ba, cewa ya yi shi wane ne, jama'arsa kuma su wane ne, ai daga abin da yake na Allah suka ɗebo suka ba shi. Wakili ba mai kaya ba ne. Yusufu a gidan Fotifar komai yana hannunsa, har maigidan bai san komai ba sai abincin da yake ci, amma Yusufu bai taɓa mantawa da cewa gidan wani yake riƙe ba, shi ya sa da jarraba ta zo ya san inda iyakarsa take.

Danladi: Baba da girmamawa, ni ban gamsu duka ba. A Ayyukan Manzanni 5:4 Bitrus da bakinsa ya ce wa Hananiya kafin ka sayar da filin ba naka ba ne, bayan ka sayar ma kuɗin ba a hannunka suke ba? Ashe kenan akwai naka. Kuma in an ce babu naka ko ɗaya to mutum ya wuni yana aiki gumi na zuba, ya sayi riga mai kyau sai zuciyarsa ta riƙa sukarsa wai ya ci kuɗin Allah? Wannan ai wani kurkuku ne.

Malam Dauda: Danladi ka kawo aya mai ƙarfi kuma gaskiyarka a gefe guda. Tsakaninka da mutane abinka naka ne, in ba haka ba dokar kada ka yi sata ba ta da ma'ana, kuma babu fasto ko dattijo ko kwamiti da ke da ikon sa hannu a aljihunka. Abin da Bitrus yake nuna wa Hananiya kenan, ba wanda ya tilasta maka, zunubinka ƙarya ce. Amma tsakaninka da Allah riƙo aka ba ka. Maganar jin daɗi kuwa, 1 Timoti 6:17 ta ce Allah yana ba mu kome a yalwace domin mu ji daɗinsa, sai aya ta 18 ta ɗora da cewa a zama masu alheri masu bayarwa hannu sake. Duka biyun a wuri ɗaya suke. Har a Maimaitawar Shari'a 14 akwai zakkar da mutum ke ci shi da iyalinsa a gaban Ubangiji da murna. Saboda haka sayi rigarka. Inda lissafi yake shi ne in rigar ta goma ce alhali ma'aikacinka bai ga albashinsa ba.

Danladi: To wannan na ji.

Saratu: Ku yi haƙuri zan shigo da nawa, don ni abin ba karatu ba ne kawai a wurina. Mahaifiyata tana kwance, ni ke sayen magani, ga bashin da na ci lokacin da aka kwantar da ita mai shi yana ta kira, albashin kuma kafin ya shigo an riga an raba shi. Na ɗan tsaya da zakka, sai wata ta ce mini wai shi ya sa ciwon ya ƙi tafiya, ta karanta mini Malakai 3 inda aka ce an la'anta ku domin kuna yi wa Allah fashi. Gaskiya tun ranar ban sami barci mai kyau ba, ina zaune gefen gadon Mama ina ƙirga ƙwayoyin maganin da suka rage ina tunanin ko ni ce na ja mata. Don Allah manya ku gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Mama Rifkatu: Wayyo 'yata. Ba ke kika ja mata ba, ki cire wannan daga ranki tun yau. Da almajirai suka tambayi Yesu a kan makahon nan wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, me ya ce? Ba shi ba, ba iyayensa ba. Kuɗin da kike sa wa a maganin uwarki ba ɓata shi kike yi ba, a gaban Allah kike kashe shi. Ubangiji ya tashi kafaɗarta.

Iliya: 'Yar'uwa Saratu Allah ya ba Mama lafiya. Ban goyi bayan wadda ta ɗora miki laifin ciwo ba ko kaɗan. Amma ina tsoron kar zauren nan ya koma wurin da ake sassauta wa mutane zakka, domin kowa in ka tambaye shi yana da dalili, wannan haya wancan kuɗin makaranta, in aka bi ta haka ba wanda zai bayar. Zakka ta girmi Shari'ar Musa, Ibrahim ya ba Malkisadik a Farawa 14, Yakubu ya yi wa'adi a Farawa 28, Yesu kuma a Matiyu 23:23 bai soke ta ba, cewa ya yi ku yi waɗannan ba tare da barin waɗancan ba. Gwauruwar nan ta Markus 12 ma ai anini biyun da take da su ta zuba duka.

Malam Dauda: Iliya ina tare da kai cewa bayarwa ba sai an yi rara ba, wanda ke jiran rara ba zai taɓa bayarwa ba. Ni ma ina fitar da zakka kuma ina koya wa 'ya'yana, horo ne mai kyau. Amma mu karanta ayoyin duka. A Matiyu 23:23 ɗin nan tsawatarwa Yesu yake yi wa mutanen da ke fitar da zakka har ta ganyen ƙamshi amma sun yar da gaskiya da jinƙai da aminci, ya kira su abubuwa mafi nauyi. Sannan ka je Markus 7, can ya kama Farisiyawa da laifin koya wa mutum ya ce wa iyayensa abin da zan taimake ku da shi na riga na keɓe wa Allah, Yesu ya ce sun soke maganar Allah da al'adarsu. Wannan fa daidai yake da halin da Saratu take ciki. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba musamman iyalin gidansa ya musunta bangaskiya. Bashi kuma Zabura 37:21 ta ce mugu ne ke ci bai biya ba. Maganar la'ana, Galatiyawa 3:13 ta gama da ita, Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Gwauruwar da ka ambata, duba aya ta 40 a Markus 12, dab da labarinta, Yesu yana tir da malaman da ke cinye gidajen gwauraye. Ya yabi zuciyarta, hakane, amma bai ba kowa lasisin tatsar irinta ba.

Iliya: Malam na ji, amma to kenan ta daina gaba ɗaya?

Malam Dauda: Ban ce ba. 2 Korintiyawa 8:12 ta ce in akwai niyya ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Ta bayar da abin da ta yi niyya a ranta da daɗin rai komai ƙanƙantarsa, ta kira mai bashin su yi magana a kan yadda za ta riƙa ragewa, ta kula da uwarta. In Allah ya buɗa ta koma yadda ta saba.

Mama Rifkatu: Ni abin da ma ya fi damuna, ikilisiyar da Saratu take ciki ina take? A Maimaitawar Shari'a 14:28 da 29 zakkar shekara ta uku ana tara ta ne domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Wato rumbun da ake cewa a kawo a cika, domin irin wannan ranar aka yi shi. Yarinya tana ta bayarwa lokacin da take da shi, yau ta shiga matsi maimakon a ƙwanƙwasa ƙofarta da taimako sai a aiko mata da la'ana? Haba jama'a.

Saratu: Na gode Mama, na gode Malam. Hawaye nake yi ina karantawa. Ban taɓa gaya wa dattawanmu halin da nake ciki ba don kunya.

Dattijo Bulus: 'Yata ki gaya musu. Sau da yawa ba mugunta ba ce, rashin sani ne, muna ganin mutum ya zo sujada da fara'a mu ɗauka lafiya lau.

Talatu: Tunda Mama ta taɓo rumbu bari in yi magana a matsayin wadda ta riƙe aikin ma'aji. Wakilci ba na masu zama a benci ba ne kaɗai, masu karɓa ma wakilai ne, nasu lissafin ma ya fi nauyi. Yadda muke yi, ba a taɓa barin mutum ɗaya da kwanon baiko, ana tashi sujada mutum uku za su shiga ɗaki a zazzage a kan tebur, a ware ambulan na zakka daban a buɗe ɗaya bayan ɗaya ana kira ana rubutawa, wani ya ƙirga wani ya sake ƙirgawa, kowa ya sa hannu a littafi kafin a kai banki, kuma wanda ya ƙirga ba shi ne zai cire ba. Ko ƙusa aka saya sai da rasit. Wasu suna jin haushi su ce ashe ba a yarda da su ba. Ni kuwa na ce wannan tsarin shi ne ke kare sunansu, domin ranar da zargi ya tashi littafin nan ne zai tsaya musu.

Iliya: Amma Anti a 2 Sarakuna 12:15 an ce ba a nemi lissafi daga mutanen da aka danƙa wa kuɗin gyaran Haikali ba domin masu aminci ne. Wani lokacin yawan bincike yana kashe zumunci, ya mai da coci kamar kamfani.

Talatu: Ƙanena karanta daga farkon surar. Sarki Yowash ya ce firistoci su karɓi kuɗi su gyara Haikali, har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara komai ba. Sai da Yehoyada ya ɗauko akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure a jaka, sannan aiki ya tafi. Amincin da ka karanta a aya ta 15 bayan an gyara tsari ya zo. Ezra ma da zai taso da azurfa da zinariyar Haikali sai da ya auna a hannun firistoci goma sha biyu, da suka isa Urushalima aka sake aunawa aka rubuta, yana nan a sura 8. Bulus fa, manzo guda, da zai kai gudummawa ga tsarkaka na Urushalima bai ce ku yarda da ni ba, ya haɗa Titus da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya ce don kada kowa ya zarge su, suna so su yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma. 2 Korintiyawa 8:18 zuwa 21. In Bulus bai fi ƙarfin a raka shi ba, wane ne ya fi? Kuma kar mu manta cikin almajiran Yesu sha biyun nan, Yahuza mai riƙe jakar kuɗi yana ɗiba.

Baba Fasto: Ina biye da ku tun ɗazu. Talatu Allah ya yi miki albarka, ban da abin da zan cire. Ishaya, ƙorafinka na farko ma gaskiya ne, mu masu wa'azi mun ƙuntata wannan koyarwa har ta koma sanarwar tara kuɗi, kuma yawanci sai akwai buƙata muke tuna ta. 1 Korintiyawa 4:2 ta ce abin da ake nema ga wakili shi ne a same shi da aminci, Bulus kuwa a kan kansa da abokan hidimarsa yake magana a wurin. Duk shugaban da ransa ke ɓaci in an nemi a karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, ya binciki zuciyarsa.

Hannatu: Baba tunda ka shigo bari in faɗi nawa, don ni ba kuɗi ba ne ya kawo ni. Har yanzu duk kuɗi muke ta magana alhali 1 Bitrus 4:10 cewa ta yi kowa ya yi wa ɗan'uwansa hidima da baiwar da ya samu. Ni Allah ya ba ni haƙurin koyar da yaran da karatu ke ba wuya, irin yaron da zai riƙe littafi yana bin layi da yatsa yana motsa baki amma hadda ce kawai yake yi, in ka rufe hoton ka nuna masa kalma ɗaya sai ido ya raina fata. Na je na ce a ba ni aji ɗaya da yamma in riƙa zama da su kyauta, aka ce sai kwamiti ya zauna, har yau shiru, amma ranar da aka tashi neman masu shiga ƙungiyar mawaƙa a take aka rubuta sunaye. Kamar in ba ka iya waƙa ko wa'azi ba to ba ka da baiwa. Raina ya yi sanyi na ce to shikenan na haƙura.

Malam Dauda: 'Yar'uwa kar ki haƙura. Bezalel a Fitowa 31 an ce an cika shi da Ruhun Allah, kuma aikinsa sassaƙa ne da ƙira da yankan duwatsu. Dokas ba mu da wa'azinta ko ɗaya a rubuce, amma da ta mutu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Misalin talanti a Matiyu 25 kuwa akwai abin da mutane ke tsallakewa. Talanti ɗaya wajen dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuma ladan wuni ne na lebura kamar yadda muke gani a Matiyu 20, kun ga kusan aikin shekara 20 kenan. Wato wanda aka ba ɗaya ma dukiya aka danƙa masa. Kuma bai sata ba, bai yi shagali da ita ba, binne ta ya yi a ƙasa ya dawo da ita cif yadda aka ba shi, duk da haka aka kira shi mugun bawa malalaci. Dalilin da ya bayar shi ne na ji tsoro. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan duk maganar zakka, mutum yana iya zama mai tsabtar hannu ya faɗi a lissafi domin ya binne.

Hannatu: Amma Malam ni ba binnewa na yi ba, na kawo aka ƙi karɓa.

Baba Fasto: Gaskiyarki 'yata, kuma wanda ya toshe wa baiwar wani hanya shi ma zai amsa tambaya, domin mutanen da ke ƙarƙashinmu su ne babbar amanar da aka ba mu, sun fi ginin daraja. Amma ki lura sauran bayin nan biyu na misalin kasuwa suka shiga da talantinsu. Baiwarki ba ta buƙatar hatimin kwamiti. Yara biyu a ƙofar ɗakinki da yardar iyayensu sun isa farawa. Ki kuma koma ki tuna wa dattawa, wani lokacin takarda ce kawai ta shige ƙarƙashin wata.

Mama Rifkatu: Ki fara kawai. In iyaye suka ga yaro ya buɗe Littafi ya karanta da kansa, su za su je su tayar da kwamitin.

Danladi: Ni fa yanzu tambayar Ishaya ta koma mini wani iri. In taran ma amana ne, da lokaci, da ƙarfin jiki, to ta ina mutum zai fara? Kar ya zama kullum cikin fargaba.

Dattijo Bulus: Fara da sanin inda abin yake tafiya. Da yawanmu in aka ce ina albashin watan jiya ya shiga ba za mu iya faɗa ba, mun san dai ya ƙare. Wakilin da bai san abin da ke hannunsa ba yaya zai ba da lissafi? Ka ɗauki biro ka rubuta na wata ɗaya, har kuɗin data, za ka ga abin mamaki. John Wesley, wanda ya kafa Metodis a Ingila ya rasu a 1791, ya koyar da abu uku a kan kuɗi, ka samu iyakar iyawarka, ka tattala iyakar iyawarka, ka bayar iyakar iyawarka. Amma ya sa sharaɗi a na farkon, kada ka samu ta hanyar da za ta cuci lafiyarka ko ranka ko maƙwabcinka. Mu kuwa mukan riƙe biyun farko mu saki na ukun, ko mu yi ta bayarwa daga kuɗin da aka samo ta hanyar tauye mudu. Zakka ba ta wanke kuɗin zalunci, Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji.

Talatu: Jiki ma a sa shi a lissafi. Akwai masu hidima da ba sa cewa a'a, kowace ƙungiya suna ciki, 'ya'yansu ba sa ganinsu sai sun yi barci. Yetro ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da jama'ar duka, ka raba aikin.

Ishaya: Na gode ƙwarai iyayena da 'yan'uwa. Amma Baba Dattijo maganar tattali ta tayar mini da wata. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara bakwai ya ceci al'umma, Karin Magana 6 ta ce a koya daga tururuwa, amma mai arzikin nan na Luka 12 da ya rushe rumbunansa ya gina manya Allah ya kira shi wawa. Dukansu ajiya suka yi. Ina layin yake tsakanin tanadi da tarawa?

Iliya: Ni a ganina ka ƙirga sau nawa mutumin Luka 12 ya ce ni da nawa, amfanina, rumbunana, raina. Babu kowa a lissafinsa. Yusufu kuwa da yunwa ta zo buɗe rumbunan ya yi.

Danladi: Ya buɗe amma sayarwa ya yi fa, har mutanen Masar suka ba da dabbobinsu da gonakinsu ga Fir'auna, duba Farawa 47. Wannan ma abin tattaunawa ne.

Malam Dauda: Danladi ka tono babba. A bar ni in sake karanta surar a natse kafin in ce wani abu, kar in yi magana da ka. Saratu, kafin nan ki sanar da mu in kin samu ganin dattawanku, in kuma kunya ta hana ki faɗa wa Mama Rifkatu ta gefe ta taya ki tsara yadda za ki fara maganar.

Saratu: To Malam, zan yi mata magana yau da dare in mahaifiyata ta samu barci.